Yadda ake haɗa motar tseren miƙaƙƙen layi mai turbo

Tseren miƙaƙƙen layi ba shi da kwana, ba shi da zagaye. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, fitila ta ba da kore, kowa ya taka, wanda ya riga kai ƙarshen mita 402, wato rubu'in mil, shi ya ci. Wasu filayen rabin haka suke yi, mita 201. Aikin da zai cinye maka watanni a gareji, cikin daƙiƙa goma ko sha ɗaya zai nuna ko ka iya.

Turbo na'ura ce da ke cusa ƙarin iska cikin inji don ƙarfinsa ya ƙaru, kuma yawancin masu farawa shi suke fara saye. Sai ka ga mutum ya ajiye ƙaton turbo a kan tebur yana ta ɗaukarsa hoto, alhali bai san nauyin motarsa ba, bai san ko famfon mansa zai iya ciyar da injin ba. A ganina wannan juya aiki ne. Turbo shi ne ɓangare mafi sauƙi a duk harkar. Samar da ƙarfi ba wuya a yau, wuyar ita ce ciyar da injin mai isasshe don kada ya narke, da kai ƙarfin nan ƙasa ta taya, da kuma fitowa daga motar da ƙafarka. Don haka ga yadda aikin ya kamata ya bi.

Da farko, yanke lokacin da kake nema

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, rubuta lamba: daƙiƙa nawa kake so motar ta yi? Wannan lambar ce za ta faɗa maka ƙarfin da kake buƙata, irin giyar da za ka saka, da dokokin da za su hau kanka.

Akwai lissafin da 'yan tsere suka daɗe suna amfani da shi. Ka ɗauki nauyin mota da direba a ma'aunin fam, ka raba da ƙarfin doki na injin, ka nemo lambar da in an jera ta sau uku an ninka za ta ba da wannan sakamakon, sannan ka ninka ta da 5.825. Misali, mota mai fam 3,000, kimanin kilo 1,360, da doki 600. Rabawa ta ba da 5, lambar da ake nema ita ce 1.71, lokacin kuma ya kama daƙiƙa 9.96, da gudun kusan kilomita 220 a awa a bakin layin ƙarshe. Lissafin ya ɗauka cewa taya ta kama ƙasa sarai, abin da ba ya faruwa a ranar farko, amma yana nuna maka inda ka dosa.

Yanzu ka buɗe littafin dokoki. Hukumar NHRA ta Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ce filaye da yawa ke bin tsarinta. A tsarin nata, motar da ta yi daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka sai direba ya sa hular kwano. Daga 11.49 sai an saka baka na ƙarfe a bayan kujerar direba. Daga 9.99, ko gudun da ya wuce mil 135 a awa, kimanin kilomita 217, sai cikakken kejin ƙarfe da ke kewaye direba a cikin mota, kuma daga 9.99 ɗin ne ake neman lasisin tsere. In gudu ya kai mil 150 a awa, sai laimar tsayawa a bayan mota. Ka ga ke nan motar misalinmu ta faɗa ajin keji. Dokokin nan ana sabunta su, kuma kowane fili na da nasa ƙari, saboda haka ka samo na bana daga filin da za ka je tun kafin ka fara walda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya haɗa jikin motar don daƙiƙa 10, amma ya fara gudu a 12.

Zaɓen motar

Ka nemi mota mara nauyi mai ja da tayoyin baya. Dalilin a fili yake: lokacin da mota ta zabura, nauyinta baya yake komawa, ya danne tayoyin baya a ƙasa. Mai ja da gaba kuwa, daidai lokacin da take buƙatar nauyi a kan tayoyinta ne nauyin ke guduwa. Akwai Honda Civic masu ja da gaba da ke yin abin mamaki a fili, amma masu su sun sha wahalar da ba dole ba ce ga mai koyo. Ford Mustang na 1979 zuwa 1993 ta yi suna a wannan fage saboda ba ta da nauyi, aksil ɗinta na baya sandararre ne, kuma wurin injinta na karɓar kusan duk injin da aka kawo masa.

Ka duba tsatsa a ƙasan mota, musamman inda hannuwan aksil ke kama shasi. Fenti da kujeru kada su dame ka, fita za su yi. Kujerar baya, kafet, na'urar sanyaya ɗaki, lasifikoki, abin tsare ƙara da aka liƙa a ƙasa, duk waje. 'Yan tsere kan ce kowane kilo 45 da ka sauke ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma wannan ne kaɗai gudun da ake samu kyauta.

Keji da kayan tsira, tun motar na wofi

A yi waldar keji kafin inji da wayoyi su shiga, lokacin da mai walda zai iya kewaye kowane haɗi. Tsarin NHRA na neman bututu mai kaurin inci 1 da 5/8, bangonsa inci 0.118 in baƙin ƙarfe ne, ko 0.083 in kuromoli ne, wani haɗaɗɗen ƙarfe da ya fi ƙarfi, shi kuma kuromoli da waldar TIG kawai ake haɗa shi. Wannan ba wurin koyon walda ba ne. Kai wa wanda ya taɓa yin kejin da ya wuce bincike.

A wannan lokacin ne kuma ake haɗe gaba da bayan shasi da sanduna biyu a ƙasa, don kada motar ta murɗe in ta tashi. A saka zoben ƙarfe da ke kewaye farfela kusa da giya, domin in ta tsinke daga gaba kanta na iya caka ƙasa ta ɗaga motar. Bel mai kama biyar, rigar da ba ta cin wuta, abin kashe gobara inda hannu zai kai. In ka mayar da batir but, sai an sa makunnin da ke kashe wutar motar gaba ɗaya daga waje, a baya, inda ma'aikatan fili za su gani. Birki kuma a sabunta shi, da sabon mai da sababbin tiyo. Mutane na mantawa cewa bayan layin ƙarshe sai an tsayar da abin da aka tayar.

Injin

Injunan da suka yi fice a wannan harka kusan duk suna da abu ɗaya: bulok mai kauri, galibi na baƙin ƙarfe. Akwai 2JZ-GTE na Toyota mai lita 3 da silinda shida a jere, akwai 4G63 na Mitsubishi, akwai RB26 na Nissan, sai kuma LS na General Motors mai lita 4.8 ko 5.3 da ake cirowa daga motocin ɗaukar kaya. Mai lita 5.3 ɗin nan yana ba da kimanin doki 300 ba tare da turbo ba, ke nan ninka shi biyu ya kai mu 600 ɗin da muka lissafa. Da shi zan ci gaba da misali.

Kafin komai a gwada matsin kowace silinda, a buɗe kaskon baƙin mai a duba ko akwai garin ƙarfe. Injin da ke shan mai ko yake hayaƙi, turbo ba zai warkar da shi ba, saurin kashe shi zai yi.

Aikin da ba a tsallakewa, ko da ba za a canja komai a cikin injin ba, shi ne buɗe bakin ringi. Ringin fistin ba cikakken zobe ba ne, yana da ɗan gibi. Zafi na sa shi miƙewa, gibin ya ragu. Injin turbo ya fi na kamfani zafi nesa ba kusa ba, kuma in bakunan ringin suka haɗu babu inda za su je, sai ya ciji bangon silinda ya ɓalle saman fistin. Ana barin kimanin inci 0.006 zuwa 0.007 ga kowane inci na faɗin silinda. A silindar 5.3 mai faɗin milimita 96, gibin ringin sama ya kama milimita 0.6 zuwa 0.7.

Yadda ake yi: ka sa ringin shi kaɗai cikin silindar da zai zauna, ka kifa fistin ka tura shi ƙasa kamar santimita biyu don ya zauna daidai, ka zura ma'aunin gibi. In ya matse, ka fito da shi ka goga baki ɗaya kawai, daga waje zuwa ciki don kada rufin fuskar ringin ya ɓare. Goga uku ko huɗu, ka mayar ka auna. Ka ɗaga shi wajen haske ka matse bakunan, su haɗu sumul babu karkata. Ka bi da dutse mai laushi ka cire ƙaiƙayin ƙarfen da ya rage. Ringi goma sha shida ne a injin silinda takwas in an haɗa na sama da na biyu, kuma kowanne ka ajiye shi da lambar silindarsa. Aiki ne mai gundura, amma gibin da ya ɗan yi yawa ɗan hayaƙi kawai zai jawo, wanda ya yi kaɗan kuwa injin zai ci.

In za a wuce abin da kayan kamfani ke ɗauka, sai fistin da kwanrod, wato sandar da ke riƙe fistin, na ƙira, waɗanda aka buga da matsi maimakon zubawa. Irin wannan fistin na kumbura da zafi fiye da na kamfani, don haka a bi gibin da maƙerinsa ya rubuta, ko da zai ɗan yi ƙara da sanyin safiya. Matsin silinda, wato sau nawa fistin ke matse iskar da ke ciki, tsakanin 8.5 da 9.5 bisa 1 ya dace da fetur. Toyota ma 8.5 ta ba 2JZ-GTE. Tof silinda a ɗaure shi da sandunan noti masu ƙarfi maimakon kusoshin kamfani, da gaskit na ƙarfe mai falle-falle, a kan fuskar da aka tabbatar ta miƙe. Sifirin ɗin bawul ma a ƙara masa ƙarfi, domin matsin da ke bayan bawul na ƙoƙarin hana shi rufuwa.

Turbo da bututansa

Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji na juya fanka ɗaya, ita kuma tana kan sanda guda da wata fankar da ke cusa iska cikin inji. Sandan na juyawa fiye da sau 100,000 a minti. Iskar da muke shaƙa tana da matsin kusan 1 a ma'aunin matsi da ake kira ba, wato 14.7 a ma'aunin psi. In turbo ya ƙara ba 1 a kai, injin ya samu kusan ninki biyu na iska, in aka ba shi ninki biyu na mai sai ya ba da kusan ninki biyu na ƙarfi.

Girman turbo daga iska ake lissafa shi. Kowane fam ɗaya na iska a minti yana ɗaukar kusan doki 10, ke nan doki 600 na neman fam 60. Kowane maƙerin kirki na fitar da taswirar fankarsa, ka duba ka ga wurin da fam 60 da matsinka suka haɗu ya faɗa tsakiyar taswirar, ba gefe ba. A injin 5.3, fanka mai baki tsakanin milimita 67 da 76 ce aka saba gani. Ƙaramin turbo na tashi da wuri amma numfashinsa na ƙarewa kafin ƙarshen fili, yana kuma dafa iska. Babba ya wuce kima kuwa sai ka tsaya a layi kana jiran sa ya farka, abokin karawarka ya yi nisa.

Abin da ke tsare matsi kada ya wuce iyaka ita ce ƙofar rage hayaƙi, wesget. In matsi ya kai inda aka tsara sai ta buɗe, wani hayaƙin ya kauce wa fankar. Abu biyu ake kuskurewa a nan. Na farko wurin zamanta: dole bututunta ya rabu da babban bututu a karkace, ta hanyar da hayaƙi ke bi, domin in aka dasa ta a miƙe gefe hayaƙin wuce ta zai yi, matsi ya yi ta hawa ba mai tsayar da shi. Na biyu sifirin ɗin cikinta. Kwamfuta na iya ƙara matsi sama da ƙarfin sifirin, amma ba ta iya rage shi ƙasa da haka. Ka sa mai laushi, kamar mai matsin ba 0.5, ka bar kwamfuta ta yi ƙarin. Kuma in akwai wurin da bai kamata a nemi araha ba to nan ne, don araha ba ta ado, ƙofar da ta maƙale sau ɗaya ta gama da injin.

Baƙin mai na shiga turbo ta siririn tiyo daga sama, ya fita ta ƙasa. Fitar ba famfo ke tura ta ba, gangarowa kawai take yi, saboda haka tiyon ya zama mai faɗi, kamar milimita 16, ya sauka kusan a miƙe ba lanƙwasa, ya shiga kasko sama da inda mai ke tsayawa. Yawancin turbon da ake cewa ya lalace yana hayaƙi, magudanar nan ce ba a yi daidai ba. Kafin tashin farko a ɗura mai a bakin shigar, a juya fankar da yatsa.

Iskar da aka matse tana zafi. A matsin ba 1, iskar da ta shiga a digiri 25 na iya fitowa sama da 110. Intakula ce ke sauke wannan zafin. Mai sanyaya da iska ta fi sauƙi, a kafa ta gaban lagireto. Motar da tsere kawai take yi kan yi amfani da mai ruwa, da tankin da ake cika wa ƙanƙara kafin kowane gudu, tunda daƙiƙa goma kawai ake buƙata. Kowane bakin bututu a yi masa ɗan tudu don tiyo kada ya zame, a sa bawul mai sakin iska kusa da totur don ya huce matsi in ka ɗaga ƙafa. Da an gama, a toshe bakin turbo a hura iska cikin bututan, a fesa ruwan sabulu a kan kowane haɗi. Duk inda ya yi kumfa a gyara. Ɓangaren hayaƙi kuma zafinsa na haura digiri 800, sai a nesanta wayoyi da tiyon mai da na birki, abin da ba ya matsuwa a naɗe shi.

Mai, inda injuna suka fi mutuwa

In ka tambayi masu saita injuna abin da ya fi kashe injin turbo, ba za su ce yawan matsi ba. Ƙarancin mai ne da ƙwanƙwasa, wato mai ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci a hankali. Fetur na ƙonewa tsaf in an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, haka mota ke tafiya a hanya. Amma ƙarƙashin matsi ana ƙara mai da gangan, a sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man na sanyaya cikin silinda. In famfo ya gaza a tsakiyar gudu, haɗin ya tsinke, wato mai ya yi kaɗan a cikinsa, zafi ya hau, fistin na iya hujewa kafin ƙafarka ta bar totur.

Ga lissafin. Injin turbo na shan kusan fam 0.6 na fetur a awa ga kowane doki. Doki 600 ke nan fam 360 a awa. Raba wa nozul takwas, kowanne 45. Amma ba a barin nozul ya yi aiki fiye da kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, don haka ana neman mai fam 56, wato kusan cc 590 a minti. In da E85 za ka yi gudu, man da galibinsa etanol ne, sai ka ƙara kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ka nemi na cc 800 ko sama. E85 na jure ƙwanƙwasa fiye da fetur kuma yana sanyaya iska, shi ya sa masu turbo ke son sa, sai dai yana jan danshi, yana cin tiyon da ba a yi don shi ba, kuma yawan etanol ɗinsa na canjawa, dole a riƙa aunawa.

Famfo kuma akwai tarko a cikinsa. Nozul na fesa mai ne cikin bututun da ke cike da matsi, don haka dole matsin mai ya riƙa hawa tare da na iska, ɗaya bisa ɗaya. In ka fara da ba 3, turbo ya kawo 1.5, famfon na aiki a 4.5. Kowane famfo kuwa yawan man da yake turawa raguwa yake yi in matsi ya hau. Lambar da ke jikin kwali ba ita za ka duba ba, ka duba abin da yake bayarwa a matsin da za ka yi gudu. A ja masa waya mai kauri daga batir ta rile, domin wutar da ta ragu kaɗan tana rage mai da yawa. Tanki kuma a tuna cewa lokacin tashi duk man baya yake kwararawa, sai bakin zuƙa ya kasance a bayan tankin, a ƙasa.

Kwamfuta da saiti

Kwamfutar kamfani wani lokaci ana iya sake mata lissafi, amma mai zaman kanta irin ta Haltech, Holley, FuelTech ko MoTeC ta fi ba da dama. Tana buƙatar sensar matsi da ke karanta har ba 3, sensar da ke auna haɗin iska da mai a salansa, da na matsin fetur da na baƙin mai. Abu na farko da za a saita ba ƙarfi ba ne, kariya ce: in haɗi ya tsinke, ko matsin mai ya faɗi, ko matsin iska ya wuce iyaka, kwamfuta ta yanke wuta da kanta. Ta fi ka sauri.

Filogi a sa mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafinsa, fiye da na kamfani da mataki ɗaya ko biyu, a matse bakinsa zuwa milimita 0.5 ko 0.6, domin iska mai matsi na hure tartsatsi. Lokacin ba da wuta kuma ana jinkirta shi yayin da matsi ke hawa. In aka ba da wuta da wuri, ragowar man da ke gefen silinda na fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, wannan ce ƙwanƙwasa, kuma a cikin ƙarar motar tsere kunne ba ya jin ta.

A kai motar kan daino, na'urar da ke auna ƙarfin mota tana tsaye wuri ɗaya, wurin wanda ya san aikin, a fara da matsin sifirin kaɗai. Wurin da ya fi haɗari shi ne tsakiyar juyin inji, inda turbo ke shigowa da ƙarfinsa duka. A nan kwanrod ke lanƙwashewa, ba a can sama ba. Mai saiti nagari kan rage wuta a wannan wurin, ya bar matsi ya hau a hankali, ya nemi dokinsa a sama.

Giya, aksil da taya

Motar turbo da giya mai canja kanta sun fi jituwa, domin ƙafa ba ta barin totur, matsi ba ya faɗuwa tsakanin giya da giya. Tsofaffin giyoyin General Motors biyu ne suka mamaye fagen: TH400 mai giya uku, da Powerglide mai biyu, wadda ta fi dacewa da mota mara nauyi mai ƙarfi da yawa. Kwanbata, wadda ke tsakanin inji da giya tana miƙa ƙarfi ta hanyar mai, ita ce sirrin. A ba maƙerinta nauyin mota, girman turbo, tsayin taya da giyar aksil, ya haɗa wadda za ta bar injin ya hau inda turbo ke tashi. Ana ƙara birkin giya, maɓallin da ke kama giyar farko da ribas a lokaci guda. Ka danne shi, ka take totur, motar na tsaye matsi na taruwa, ka saki ta fita. Yana dafa man giya cikin 'yan daƙiƙu, don haka ba a daɗewa a kai, kuma sai da na'urar sanyaya mai.

Aksil ɗin baya na Ford mai inci 9 ko 8.8 su aka fi sakawa, da sanduna masu kauri, da abin da zai sa tayoyin biyu su juya tare. Giyar aksil ana zaɓenta yadda injin zai ƙetare layi dab da iyakar juyinsa. Don sanin juyin inji a minti, ninka gudu a mil a awa da giyar aksil da 336, ka raba da tsayin taya a inci. Mil 137, giya 3.55 da taya mai inci 28 sun ba da kusan 5,840, da ɗan zamewar kwanbata a ce 6,200. Turbo na son a ɗora masa nauyi, shi ya sa doguwar giya, wato mai ƙaramar lamba, ta fi masa gajera.

Taya ta baya ko dai mara zane mai laushin gefe, wadda ke yafe wa mai koyo kurakurai, ko radiyal ta tsere, wadda ta fi gudu a fili mai danƙo amma in ta zame ba ta sake kamawa. Ta gaba siririya. Shakazoban gaba ya zama mai saurin miƙewa da jinkirin komawa, don hancin mota ya ɗaga nauyi ya koma baya, na baya kuma mai saiti. Lagireto a zuba masa ruwa zalla, filaye da yawa ba sa yarda da sinadarin sanyaya inji saboda santsinsa in ya zube.

Ranar farko a fili

A fili ake gwaji, ba a titi ba. Bayan binciken jami'ai, ka bi ta wurin ruwa ka jiƙa tayoyin baya, ka ɗan gusa gaba, ka juya su har hayaƙi ya fara tashi, ka saki. Dumama su ake yi da share tsakuwa, ba wasan kallo ba ne. Ka matsa a hankali har fitilar farko ta saman sandar fitilu da ke bakin layin tashi ta kama, ka jira abokin karawa ya kunna tasa, sannan ka ƙara kamar santimita 18 ta biyu ta kama. Fitilu uku masu ruwan ɗorawa za su sauko, rabin daƙiƙa tsakaninsu, sai kore. Agogonka ba ya fara ƙirga sai tayarka ta bar layi, don haka a ranar gwaji kada ka damu da riga kowa tashi.

Gudun farko ka tashi a hankali ka ɗaga ƙafa a rabin fili. In motar ta fara karkata ko taya ta zame, ɗaga ƙafa ka bar wannan gudun ya tafi, kada ka sake takawa.

Da ka dawo, ka buɗe bayanan da kwamfuta ta naɗa: haɗin iska da mai, matsin fetur, zafin iska. Ka ciro filogi ka duba farin tangaran ɗinsa da gilashin ƙara girma. In ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe, ko masu ƙyalli kamar azurfa, ƙwanƙwasa ce, masu ƙyallin nan kuwa naman fistin ne. A rage wuta nan take.

Takardar lokaci da za a miƙo maka tana da lambobi da yawa, biyu za ka fi kallo. Gudun ƙarshe na faɗa maka ƙarfin injin. Lokacin ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18, na faɗa maka ko taya ta kama. Motar daƙiƙa 10 kan yi wannan a wajen 1.4 zuwa 1.5, kuma abin da ka rage a nan yakan kusan ninkuwa a ƙarshen fili. In gudun ƙarshe ya yi kyau amma lokaci bai sauko ba, ba matsi za ka ƙara ba. Ka rage iskar taya kaɗan, ko ka sassauta shakazoba, ko ka sa kwamfuta ta tashi da ƙaramin matsi ta riƙa ƙarawa bayan daƙiƙa ta farko. Abu ɗaya ake canjawa a kowane gudu, a rubuta shi a bayan takardar tare da zafin ranar. Sai motar ta maimaita lokaci ɗaya sau da yawa, filogi na fitowa tsaf, matsin fetur bai motsa ba, sannan a ƙara matsin iska da psi biyu a sake duba komai daga farko.